RA'AYINMU: "Ai Ta Wuce" Ba Magani Ba Ne

Jama'a masu karatu, musamman ku ƴan kasuwarmu da ke kai da kawowa tsakanin Ƙonni da Illela, Maraɗi da Jibiya, Gaya da Kamba, ko Dungas da Maigatari, yau za mu ajiye maganar farashin wake da canjin naira, mu tsaya a kan wani al'amari wanda da yawanku sun taɓa gani da idonsu a rumfa ko a tasha, amma ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Dalilin da ya sa ake raina shi kuwa shi ne, yakan zo ya tafi tun kafin a gama salati.

Bayan girbin waken da ya wuce, wani ɗan kasuwa da muka sani shekara da shekaru, ƙaƙƙarfan mutum wanda bai kai hamsin ba, yana zaune bisa tabarma yana ƙirga kuɗin lodi, sai damin kuɗin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai kira yaronsa, maganar ta fito a cakuɗe kamar ta mai magagin barci. Na kusa da shi suka ga bakin ya ɗan karkace. Aka yi salati, aka yayyafa masa ruwa, aka shiga yi masa fifita. Kafin a gama shawarar abin yi, abin da bai fi minti goma sha biyar ba, hannu ya dawo, baki ya daidaita, har shi da kansa yana dariya yana cewa rana ce ta buge shi, ga kuma rashin barci, tunda ya kwana biyu a hanya. "Ai ta wuce," in ji shi. Ya ƙarasa ƙirgarsa, aka ɗaure kaya, ya shiga gaban mota. Kwana biyu bayan haka, a masaukinsa can ƙetaren iyaka, aka tashe shi sallar asuba ya kasa tashi. Yau wata bakwai ke nan, ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi, kuma magana ba ta fita.

Ba mu kawo labarinsa don mu ɗora masa laifi ba. A cikin duk waɗanda ke wurin ran nan, har da mai wannan rubutu da ya ji labarin da yammacin ranar a bakin masallaci, babu ko ɗaya da ya ce a tafi likita. Dukkanmu "Allah Ya kyauta" muka ce, muka koma harkokinmu.

Abin da ya same shi a kan tabarma shi ne ake kira ƙaramar shanyewar jiki, ko shanyewa mai wucewa. A takardun likitocinmu na nan za ka ga an rubuta AIT, babbar kuma AVC. Yadda take faruwa ba abu ne mai wuyar ganewa ba. Ƙwaƙwalwa na rayuwa ne da jinin da jijiyoyi ke kai mata ba dare ba rana. In wani ɗan gudan jini ya taso daga zuciya ko daga jijiyar wuya ya toshe ɗaya daga cikin hanyoyin nan, sai sashen da hanyar ke ciyarwa ya tsaya da aiki, gaɓar da sashen ke juyawa, hannu ne ko harshe ko ido, ita ma ta tsaya. In gudan ya narke da wuri, komai sai ya koma daidai. In ya daɗe, wurin ya mutu, ita ce shanyewar ɓarin jiki da kowa ya sani. Akwai kuma ta tsakiya, wadda kan bar ɗan nauyin harshe ko ɗan sanyin hannu, amma mutum na tafiya da ƙafarsa yana cin tuwo da hannunsa. To abin lura a nan shi ne, dawowar hannu ba ta nufin abin da ya jefo gudan jinin ya tafi. Direban da motarsa ta mutu a hanya ta sake tashi da kanta ba ya cewa inji ya warke. Ya san akwai datti a tanki, kuma zai sake toshe bututun mai, watakila ma a tsakiyar daji.

Wannan ba hasashen ɗan rediyo ba ne. A shekarar 2000 wasu likitoci a jihar Kalifoniya ta Amurka sun fitar da sakamakon bin sawun mutum 1,707 da suka je asibiti da irin wannan shanyewa mai wucewa. A cikin kwana 90, fiye da kashi 10 cikin 100 sun koma da cikakkiyar shanyewa, kuma rabin waɗannan a kwana biyu na farko abin ya kayar da su. Kwana biyu, daidai da na mutuminmu mai wake. Sa'an nan a shekarar 2007, a birnin Oksfod na Ingila, Farfesa Peter Rothwell da abokan aikinsa suka ba da labarin abin da ya faru da suka canza tsarin asibitinsu, wato maimakon a sa wa mutum ranar dawowa, sai a duba shi a fara masa magani nan take. Haɗarin ya sauko daga kashi 10 zuwa kashi 2 cikin 100. Ba wani sabon magani aka ƙago ba. Asfirin ne da danginsa, da maganin hawan jini, da na rage kitsen jini, irin waɗanda ke akwai a farmasin Tawa da na Doso. Abin da ya bambanta shi ne saurin farawa.

Saboda haka alamun nan ya kamata kowane mai rumfa da yaronsa su haddace su kamar yadda suka haddace farashin tiya. Baki ya karkace. Hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya ta yi sanyi ko ta mutu. Magana ta cakuɗe, ko mutum ya kasa gane abin da ake gaya masa. Ido ɗaya ya rufe kamar an saki labule. Ko jiri mai tsanani ya zo farat ɗaya har tsayuwa ta gagara. Da an ga ɗaya daga ciki, a duba agogo a riƙe lokacin, a nemi mota, ko da abin ya wuce kafin motar ta iso. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko fura ko rubutu, domin maƙogwaron ma yakan shanye, abin da aka ɗura ya zarce huhu. Kada a huda masa yatsu da allura kamar yadda wani saƙo da ke yawo a WhatsApp ke koyarwa, ƙarya ce tsagwaronta. Kada a tsaya neman wanzami ya yi ƙaho. Kada kuma a ba shi asfirin bisa shawarar maƙwabcin rumfa, domin wata shanyewar ba toshewa ba ce, fashewar jijiya ce, asfirin kuwa ƙara zubar jinin zai yi. Hoton kai na sikana ne ke raba su, shi kuwa sai a manyan asibitocin birane. Addu'a babu mai hana ta, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya.

To ina maganar shekaru ta shigo? Ta shigo ne ta bakin masu buga mana waya a shirinmu na lafiya, inda muke jin uzuri iri biyu, kuma duka biyun a rumfa suke barin mutum. In matashi ne ko magidanci mai arba'in, sai ya ce ai wannan ciwon tsofaffi ne, shi da yake ɗaga buhu shi kaɗai. In dattijo ne, sai ƴaƴansa su ce ai Baba tsufa ne, me likita zai yi wa tsufa? Gaskiyar magana, shekaru suna da tasiri ƙwarai a kan abin da ke biyo bayan ƙaramar shanyewa, amma ba ta hanyar da waɗannan masu uzuri ke zato ba.

Mu fara da dattawa, tunda su ne a gaba. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa daga shekara 55 zuwa sama, haɗarin shanyewar jiki na ninkawa kusan biyu a kowace shekara goma. Har ma a lissafin da likitoci suka fitar a 2007 don auna wanda ya fi kusa da faɗuwa bayan ƙaramar shanyewa, cika shekara 60 kaɗai maki guda ne, kamar yadda hawan jini da ciwon suga kowane ke da nasa makin. Dalili kuwa jijiyoyi kan tsufa kamar tiyon ban ruwa da ya sha rana, su yi tauri, kitse ya taru a bangonsu, musamman manyan nan biyu na wuya. Bugu da ƙari akwai wata matsala da ta fi yawa ga masu shekaru, wadda zuciya ke bugawa ba bisa tsari ba, wani bugun da sauri wani a makare. Jini kan kwanta a wani lungu na zuciyar ya daskare, ya ɓalle ya haura kai. Mai irin wannan zuciya haɗarinsa ya ninka na sauran mutane kusan sau biyar, kuma asfirin bai ishe shi ba, sai maganin tsinka jini na musamman wanda likita ne kaɗai ke rubuta shi yana sa ido a kai. Abin takaici, gano ta ba ya buƙatar jirgin sama zuwa Masar ko Indiya. Ma'aikacin lafiya ya riƙe wuyan hannu na minti ɗaya, sa'an nan a ɗauki awon bugun zuciya a takarda, yawanci daga nan ake kama ta.

Jikin dattijo kuma ba ya murmurewa kamar na yaro. Ɗan raunin ƙafar da mai arba'in zai shanye cikin makonni, ga mai saba'in shi ne faɗuwa a bayan gida da karayar ƙugu. Ɗan nauyin haɗiya shi ne shaƙewa da ciwon huhu. Ko maganin ma sai da lura. Wani binciken na Oksfod a 2017 ya nuna cewa masu shekara 75 zuwa sama da ke shan asfirin kullum sun fi na ƙasa da su fuskantar zubar jini mai tsanani a ciki, shi ya sa likitoci kan haɗa musu da maganin kare tumbi. Ku dubi kuma halin iyayenmu: yawancinsu akwai ƙullin maganin ciwon gaɓɓai a aljihu, diklofenak ko ibuprofen, wanda suka saya wurin mai talla. Waɗannan suna tayar da hawan jini, in kuma sun haɗu da asfirin suna cin tumbi. Wanda ya kai Baba likita ya zazzage aljihun a gaban likitan.

Amma mu tsaya nan mu gaya wa ƴaƴan da ke cewa tsufa ne: kun yi kuskure, kuma kuskuren mai tsada ne. Tunda haɗarin dattijo ya fi girma, ribar da yake samu daga magani ma ta fi girma. A 2008 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashe da dama a kan mutane kusan 3,800 waɗanda dukkansu sun kai shekara 80, inda aka ga cewa sauke musu hawan jini ya rage mace-mace a cikinsu da kashi 21 cikin 100. In mai tamanin na cin riba, ina ga Alhajin da bai fi sittin da biyar ba, wanda har gobe shi ke sa baki a raba rigimar dillalai? Akwai ɗan da zai biya wa mahaifinsa kujerar Umra sau uku amma bai taɓa kai shi awon jini ba. Ba mu ce Umra laifi ba ce, muna dai tambaya ne.

Yanzu mu juyo kan matasa da magidanta, kuma a nan ne muke so mu fi daɗewa, domin su ne ƙashin bayan kasuwa kuma su ne suka fi taurin kai. A ƙasashen Turai galibin masu shanyewar jiki sun haura saba'in. A yankinmu ba haka abin yake ba. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Gana da Nijeriya, ciki har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin masana irin su Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, ya duba marasa lafiya 2,118, aka buga sakamakonsa a 2018. Matsakaicin shekarunsu 59 ne kacal. Kusan ɗaya cikin kowane huɗu bai kai shekara 50 ba. A cikin waɗannan matasan, fiye da rabi ba toshewa ba ce ta same su, fashewar jijiya ce, wadda ta fi saurin kisa. Kuma masu binciken sun danganta kusan kashi 90 cikin 100 na dukkan shanyewar da hawan jini. Mutanen Kano da Zariya kuwa jini ɗaya muke da su, tuwo ɗaya muke ci, gishiri ɗaya muke zubawa a miya.

Gaskiya ne mai ƙananan shekaru ya fi saurin warwarewa. Ƙwaƙwalwarsa ta fi iya neman wata hanya, jikinsa ya fi jure motsa gaɓɓai. To amma fa wannan saurin shi ne tarkon. Da ya ga ya miƙe, sai ya jefar da takardar magani ya koma hanya. A birnin Naimegen na ƙasar Holan an bi sawun waɗanda shanyewa ta sama suna tsakanin shekara 18 da 50, aka fitar da sakamako a 2013. A cikin waɗanda tasu mai wucewa ce kawai, wato irin ta "ai ta wuce", kusan ɗaya cikin huɗu ya rasu kafin cikar shekara ashirin da faruwar abin, wanda ya ninka abin da ake tsammani ga tsararrakinsu fiye da sau biyu. A Holan ke nan, inda likita ke bayan gidan kowa. Dattijo haɗarinsa na kusa ne kuma mai kauri. Matashi nasa dogo ne, zai yi ta tafiya da shi shekara ashirin ko talatin, a daidai shekarun da mata da ƴaƴa da yaran shago da iyaye tsofaffi duk a wuyansa suke rataye.

Shi ya sa idan abin ya samu mai talatin ko arba'in, bai kamata a tsaya ga awon jini kawai ba, sai an nemi dalili. Wani ƙofofin zuciyarsa ne suka lalace tun yana yaro sakamakon ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba. Wani sikila ce. Wani suga ce da bai san yana da ita ba. Ga iyayenmu mata masu fataucin atamfa da kayan ƙamshi, akwai hawan jinin goyon ciki da kwanakin jego, lokacin da ake ɗura wa mace kunun kanwa safe da yamma, alhali kanwa ƴar uwar gishiri ce a wajen tayar da jini. Akwai ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a ɓoye, su ma suna tayar da jini da suga. Taba kuwa ba sai an faɗa ba, tana ninka haɗarin kusan biyu. Sai kuma cimar hanya: shinkafar tasha da dunƙule uku a tukunya, tsire da yaji, lemon kwalba don a kore. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a dunƙule da yaji. Kowa ya auna na gidansa.

Direbobinmu na manyan motoci su ma su ji. A Ingila, wanda ƙaramar shanyewa ta sama ba ya tuƙa ko ƙaramar mota sai bayan wata guda, mai tuƙa tirela ko bas kuwa sai ya shekara. Mu a nan babu mai tambaya. Amma mai mota da ya san hannun direbansa ya taɓa saki, ya kuma ɗora masa tan talatin na albasa daga Galmi, ya sani ba albasar kaɗai ya sa a caca ba.

Akwai wata asara da ba a gani a fuska, wadda mu a ganinmu ta fi shafar ɗan kasuwa fiye da kowa. Bayan ƙaramar shanyewa mutane da yawa kan koka da gajiya marar dalili, saurin fushi, baƙin ciki, da mantuwa. Masanan Oksfod ɗin nan, a wani bincike na 2019 wanda galibin mutanen cikinsa dattawa ne, sun samu cewa a cikin shekara guda kimanin 5 cikin 100 na masu shanyewa mai wucewa, da 8 cikin 100 na masu ƙaramar da ta bar rauni, sun shiga ruɗewar tunani irin ta tsufa, ga babbar shanyewa kuwa fiye da 30 cikin 100. Wato abin kan jawo ruɗewar ta zo da wuri, kuma ya fi tsanani ga mai shekaru. To ku gaya mana, a ina yawancin manyan ƴan kasuwarmu ke ajiye lissafinsu? A ka. Wane na da buhu arba'in nawa, na ba wane jikka ɗari biyar zuwa bayan Salla, ɗan canjin Jibiya na riƙe da sauran kuɗin shanu. Babu takarda, babu shaida, sai amana da ƙwaƙwalwa. Ranar da ƙwaƙwalwar ta sami matsala, dukiyar shekara talatin sai ta zama ta wanda ya fi rashin tsoron Allah. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, malamai na faɗa mana kullum. Duk wanda abin nan ya taɓa shafa ko sau ɗaya, to a makon nan ya sayi littafi, ya zaunar da babban ɗansa ko amintaccen yaronsa, su rubuta na shiga da na fita. Ba fatan mutuwa ba ne, gyaran kasuwa ne.

Zaman bakin iyaka shi ma yana da nasa matsalolin da mutumin Yamai bai sani ba. Na farko ma shi ne lissafin awon. A likitocinmu na wannan ɓangare za a ce maka tansiyonka 14/9, a ƙetare kuma a ce 140/90, alhali abu ɗaya ne, sifiri ne kawai aka cire. Mun ji wanda aka gaya wa 170 a can ya tsorata ya fara shan magani, ya dawo gida aka ce masa 17, ya yi hamdala ya daina, a zatonsa ya sauko warwas. Ku riƙe wannan: in ana ta awo ana samun 14/9 ko sama da haka, wato 140/90, hawan jini ne, ko da kai ba ya ciwo. Sunayen magunguna ma sukan bambanta, wannan da Faransanci wancan da Turanci, har mutum ya haɗa biyu yana sha bai san iri ɗaya ba ne. Ka roƙi likita ya rubuta maka ainihin sunan maganin, ba sunan kamfani ba, da ƙarfinsa, da ranar da abin ya same ka, ka naɗe takardar tare da katin ɗan ƙasa.

Sa'an nan maganin hawan jini ba maganin zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a huta. Ranar da ka daina, jinin ya fara komawa inda yake. Ku kuma kun fi kowa sanin cewa iyaka ba ta ba da sanarwa. Nijeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024, magunguna suka yi ƙaranci, mutane suka maƙale nesa da gida. Mai shan magani kullum ya riƙa tafiya da na wata guda a jaka. Kada kuma ya ce zai cike giɓin da na tire a tasha. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya tattara magungunan zuciya da hawan jini daga ƙasashen Afirka goma, har da Nijar, ya samu kimanin 16 cikin 100 ba su cika inganci ba, kuma na kan titi sun fi lalacewa. Wanda ya san bambancin atamfa ta gari da ta jabu daga nesa, bai dace ya haɗiyi ƙwayar da ta yini a rana a kan tire ba.

Kiranmu na farko ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa, na hatsi da na dabbobi da na direbobi. Kuna tara kuɗi in gobara ta tashi, kuna tara na ta'aziyya. Injin awon jini mai batir bai wuce kuɗin buhun wake ɗaya ko biyu ba. A saya, a ajiye a ofishin ƙungiya, a yi magana da majon likitar gari ya turo ma'aikaci ranar kasuwa, Lahadi ne ko Laraba ko Alhamis, a ba shi na mai. A ware asusun mota, a sa lambar wayar direba biyu a bangon ofis, ta yadda in wani ya faɗi ba za a ɓata awa guda ana tambayar wa zai biya ba. Magadan gari kuma, da ke yankar tikitin haraji a kowace rumfa kowane mako, su tuna cewa mai rumfar in ya kwanta, tikitin ma ya tsaya.

Ga ma'aikatan lafiya muna da ƙorafi, kuma za mu faɗe shi da ladabi. Mun sha jin wanda ya yi abin da ya dace, ya je likita a ranar, amma da aka ga ya shigo da ƙafarsa yana magana tiryan-tiryan sai aka sallame shi da farasitamol da maganin ƙarin jini. Wanda ya ce maka hannunsa ya mutu na minti goma ɗazu, shi ne mai gaggawa a layin, ko da ya fi kowa kyan gani. A auna jininsa da sugarsa, a saurari zuciyarsa, a tura shi gaba a ranar. Jami'an duwan da jandarmomi da ƴan sandan shingayen ɓangarorin biyu kuma, motar da ta ɗauko marar lafiya ba motar shinkafa ba ce, a ɗaga mata sanda.

Shi kuwa mutuminmu mai wake, mun je gaishe shi ranar Juma'ar da ta wuce. Yana gane mutane, yana miƙa hannun hagu, in an kira sunan wani ɗan kasuwa sai ya yi ta ƙoƙarin faɗin wani abu, hawaye na zuba. An fitar da babban ɗansa daga makaranta, shi ke bin rumfuna da littafi a hannu yana tambayar wanda mahaifinsa ke bi bashi. Ya gaya mana cewa zuwa yanzu mutum uku ne suka amsa.